Wasiƙar da Manhaja Ke Rubutawa: Waiwaye Daga 1971 Zuwa Keffin Yau

Mafi yawan saƙonnin imel da ke shiga wayoyin mutanen Keffi a yau ba mutum ne ya zauna ya rubuta su ba. Rasidin Remita bayan biyan kuɗin makaranta, alat na banki, lambar canza kalmar sirri, sanarwar JAMB, takardar gayyatar ganawa daga wani kamfani a Abuja, duk manhaja ce ke harhaɗa su ta aika cikin ƙiftawar ido. Amma kafin manhajar ta aika ko ɗaya, akwai ranar da wani mai rubuta manhaja ya zauna ya yanke shawarar siffar da saƙon zai fita da ita: rubutu zalla, ko shafi mai launi da tambari da maɓallin dannawa, ko duka biyun a haɗe. Sau da yawa cikin minti biyu ake yanke wannan shawara, a ƙarshen aiki, bayan an gaji. Ita ce kuwa ke tabbatar da ko ɗalibar da ke Unguwar Lambu za ta ga lambar rasidinta, ko kuma farin fili za ta gani da hoton da ya ƙi buɗewa.

Tambayar ta girmi yawancin masu yin ta. A ƙarshen 1971 wani injiniya mai suna Ray Tomlinson, a kamfanin BBN da ke jihar Massachusetts ta Amurka, ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata da ke gefenta, ya kuma zaɓi alamar @ ta raba sunan mutum da sunan injin da yake kai. Shekara goma sha ɗaya aka yi ana gwaje-gwaje da gardama kafin a tsayar da ƙa'ida. A watan Agustan 1982 aka fitar da takardu biyu da har gobe su ne tushen imel: RFC 821 ta Jon Postel, wadda ta bayyana yadda injuna za su miƙa wa juna saƙo, da RFC 822 ta David Crocker, wadda ta bayyana yadda saƙon kansa zai kasance. Tsarin mai sauƙi ne ƙwarai. A sama akwai layukan goshi masu faɗin wanda ya aiko, da wanda aka aika wa, da rana, da take. Sai layi ɗaya da ba komai. Sai jikin saƙo. Babu launi, babu hoto, babu babban rubutu da ƙarami, kuma layi ba zai wuce haruffa 1000 ba.

Abin da ya fi shafar mu shi ne haruffan da aka yarda da su. Ƙa'idar ta tsaya a kan jadawalin ASCII, mai gurabe 128 kacal, 95 daga ciki ne ma ake iya gani a rubuce. An yanka shi daidai jikin Turancin Amurka. Bafaranshe bai sami wasalinsa mai alama ba, Balarabe bai sami ko alif ba, mu kuma babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Tun ƙarshen shekarun 1930 aka tsayar da haruffa masu lanƙwasa a ɗab'in Zariya, zamanin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939. Wato gubar maɗaba'a ta riga wayar kwamfuta sanin Hausa da fiye da shekara hamsin. Tsofaffin akawuna sun san irin wannan wahala tun zamanin tafireta, lokacin da ake buga takarda a gama sannan a bi ta da biro ana lanƙwasa kan kowace k da d da hannu.

Gyaran ya zo a 1992, kuma yadda aka yi shi ne ya haifar da zaɓin da muke magana a kai. Nathaniel Borenstein na Bellcore da Ned Freed na Innosoft suka tsara abin da ake kira MIME. Ranar 11 ga Maris ta wannan shekara Borenstein ya aika saƙon gwaji ɗauke da hoto da muryar wata ƙungiyar mawaƙa huɗu ta wurin aikinsa, a watan Yuni kuma aka buga ƙa'idar. Hikimarsu ita ce ba su rushe ginin 1982 ba. Dubban injuna a duniya suna aiki da tsohon tsari, ba mai iya tilasta musu su canza rana ɗaya. Sai suka ƙara 'yan layuka a goshin saƙo masu cewa: abin da ke ciki rubutu ne ko hoto, da wane jadawalin haruffa aka rubuta shi, da wace dabara aka naɗe shi. Duk abin da ba ya cikin haruffa 128 sai a juya shi ya koma cikinsu don tafiya, in ya isa a warware.

Dabarun naɗewar biyu ne, kuma kowace tana da farashi. Ta farko ta dace da rubutun da yawancinsa boko ne na yau da kullum: harafin da ya fita daga jadawali kaɗai ake canzawa, shi ya sa in ka buɗe asalin saƙon Hausa za ka ga ƙ ta koma =C6=99. Ta biyu, base64, ita ake yi wa hotuna da takardun PDF: kowane bayit uku na komawa haruffa huɗu, don haka abin da aka maƙala yana ƙaruwa da kashi ɗaya cikin uku. Takardar megabayit uku megabayit huɗu ce a kan hanya. Mai biyan kuɗin data da guminsa ya san bambancin. Taken saƙo kuma dokarsa daban, Keith Moore ne ya tsara ta, shi ya sa har yau ake ganin saƙon da jikinsa ya fito lafiya amma takensa ya dagule.

A cikin MIME ɗin nan akwai wani tanadi da nake ganin shi ne mafi hangen nesa a duk tarihin imel. Sun kira shi multipart/alternative. Ma'anarsa saƙo ɗaya ya tafi da fuska biyu ko fiye: mafi sauƙi a farko, mafi ado a ƙarshe, manhajar mai karantawa ta zaɓi wadda za ta iya nunawa. Tun kafin a fara saka HTML, harshen da ake gina shafin intanet da shi, a imel, waɗannan mutane sun riga sun yarda da gaskiya guda: mai aikawa bai san abin da ke hannun mai karɓa ba, don haka bai kamata ya yanke masa hukunci ba.

A Satumban wannan shekara ta 1992, Ken Thompson da Rob Pike suka zana UTF-8 a wani gidan abinci a New Jersey. Shi ne ya ba da hanyar rubuta kowane harafi na Unicode, babban jadawalin haruffan harsunan duniya, ba tare da an taɓa tsofaffin 128 ba, haruffanmu masu lanƙwasa kuma suna cikin Unicode tun farkonsa. A takarda an gama magance matsalar Hausa tun lokacin. A aikace an ɗauki kusan shekara ashirin.

Ranar 4 ga Yulin 1996 Sabeer Bhatia da Jack Smith suka buɗe Hotmail, wata uku kafin a ƙirƙiro jihar Nasarawa ranar 1 ga Oktoba. Sunan ma da gangan suka zaɓe shi don haruffan HTML na cikinsa. Yahoo ta biyo baya a 1997. Da imel ya koma abin karantawa a shafin intanet, sai ya zama da sauƙi saƙon kansa ya zama shafi. 'Yan kasuwa suka yi murna, tsofaffin injiniyoyi suka tayar da ƙayar baya, har suka yi gangami tun wajen 1998 suna liƙa wata alamar ƙin HTML a ƙasan saƙonninsu. Hujjojinsu ba na son zuciya ba ne: saƙon ya yi nauyi, yana iya ɗaukar mugun umarni, yana iya ɓoye adireshin gaskiya a ƙarƙashin kalma mai daɗi, yana kuma iya leƙen mai karantawa. Cututtukan kwamfuta, Melissa ta 1999 da ILOVEYOU ta Mayun 2000, duk da ta abin da aka maƙala suka yaɗu, sun ƙara wa mutane tsoron duk saƙon da ya wuce rubutu. Gangamin bai yi nasara ba. Amma ko ɗaya daga cikin hujjojin bai mutu ba.

Keffi ta shiga wannan labari ta ƙofar kafe. Wayar salula ta GSM ta iso Najeriya a Agustan 2001, Jami'ar Jihar Nasarawa ta fara karatu a 2002, garin ya cika da ɗalibai, shagunan intanet suka biyo su. Wanda ya yi zamanin ya san tikitin rabin awa ko awa ɗaya, da ƙarar janareto, da kwanon tauraron ɗan'adam a kan rufi da kwamfutoci goma ke rabon ɗan abin da yake jawowa. Kowa Yahoo yake da shi. A wannan yanayi nauyin saƙo abu ne da ake gani da ido: kana kallon agogon tikiti yana cinye kuɗinka, hoton tambarin wani kamfani yana saukowa layi-layi, abin da ka zo dubawa kuma yana ƙarƙashinsa. Saƙon rubutu zalla kuwa nan take yake buɗewa, ka kwafe lambar da kake nema a bayan tikitin ka tashi.

A wannan zamanin ne kuma rubutun Hausa ya sha wuya a kwamfuta. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da samfuran haruffa na Rabi'at da Abdalla a shekarun 1990, kuma sun yi wa marubuta da maɗaba'u hidima babba, domin su ne suka ba da damar buga littafi da lanƙwasa daga kwamfutar gida. Dabarar ita ce a ɗora hoton ƙ da ɗ a kan maɓallan da Hausa ba ta amfani da su. A takarda abin ya yi kyau. Amma samfurin haruffa ba ya bin saƙo zuwa gidan mai karɓa. Da an kwafe rubutun an zuba a imel sai asirin ya tonu: }asa, ]aya. Wasu jaridu suka ɗora su a kan q da x da v, aka riƙa ganin qasa da xaya da vata. Mutane da yawa suka haƙura da lanƙwasar gaba ɗaya, kuma wannan haƙurin ya zama al'adar da har yau ba mu gama fita daga cikinta ba, duk da cewa allon rubutun kowace wayar Android yana iya ba da haruffan.

Akwai darasin da masu rubuta manhaja suka koya da wuya a shekarun da suka biyo baya, wato saƙon da ka aika ba shi ne saƙon da aka gani ba. Tsakaninka da mai karɓa akwai tafinta, wato manhajar da ke nuna masa saƙon, kuma ba kai ka ɗauke shi aiki ba. Mutanen Keffi ba baƙin wannan magana ba ne. A Oktoban 1902, a ƙofar fada, Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney, kuma ruwayoyi da dama suna ɗora wani kaso na laifin a kan tafinta Audu Timtim, wanda aka ce yana juya maganar da ke tsakanin mutanen biyu. Magaji ya tafi Kano, Gwamna Lugga ya riƙe wannan a matsayin hujjar yaƙi, Kano ta faɗi a Fabrairun 1903. Tafintocin imel ba su jawo yaƙi ba, amma kowanne da halinsa. A 2007 Microsoft ta sa Outlook ya riƙa nuna saƙo da injin Word maimakon na shafin intanet, sai ga masu tsara saƙo sun koma gina komai da teburi cikin teburi kamar a 1999. Gmail, wadda ta fito ranar 1 ga Afrilun 2004, ta daɗe tana yanke umarnin ado da aka sa a saman saƙo, sai a Satumban 2016 ta yarda da tsarin da ke daidaita kansa da faɗin waya. Har yanzu kuma in saƙo ya wuce kilobayit 102 Gmail tana datse shi, ta bar ɗan rubutu a ƙasa wai a danna a ga saura. Yawancin manhajoji sun daɗe suna toshe hotuna sai mai karatu ya ba da izini. Gmail ta sauya wannan a Disamban 2013, amma inda sabis ke rawa hoton da bai sauko ba daidai yake da wanda aka toshe.

Daga nan ne na tsani wani salo da ya yaɗu a wurinmu, na tsara sanarwa gaba ɗaya a matsayin hoto ɗaya, kamar fosta, a aika shi a matsayin imel. Ranar jarrabawa, lambar ɗaki, adadin kuɗi, duk suna cikin hoton. Ba a iya kwafe lamba daga ciki, ba a iya nemo saƙon da kalma bayan wata biyu, manhajar da ke karanta wa makaho rubutu ba ta ganin komai, matatun tarkace kuma suna zarginsa. Mai tsarawa ya ga kyau a babbar kwamfutarsa ya yi barci da murna. Wanda aka yi domin shi bai ga komai ba.

Zuwan wayoyin zamani ya sake juya lissafin. Bayan ɗan zamanin BlackBerry, Tecno da Itel da Infinix suka mamaye kasuwa, kuma Android ba ta sakin jiki sai da asusun Google. Haka miliyoyin mutane suka mallaki adireshin Gmail ba tare da sun nema ba. Mai shagon waya ko yaron kafe ne ya buɗe musu, wani lokaci shi kaɗai ya san kalmar sirrin. Wannan yana da muhimmanci ga mai rubuta manhaja a Keffi fiye da duk wata muhawarar Outlook. Mai karɓar saƙonsa, a mafi yawan lokuta, yana riƙe da ƙaramar waya mai cikakkiyar ma'ajiya, yana kashe data in ba ya amfani da ita, ba ya buɗe imel sai an ce masa an turo wani abu. Abin da zai fara gani take ne da layin farko a sanarwar saman waya. In layin farkon nan gaisuwar kamfani ce ko umarnin a danna nan don gani a shafi, an yi asarar wuri mafi tsada a duk saƙon. In kuwa ya ce an karɓi ₦45,000 kuɗin zango na biyu, ga lambar rasidi, to aiki ya gama ko da ba a buɗe ba.

Alamar naira ma tana da nata labarin, domin ita ma ba ta cikin 128. In manhaja ta rubuta saƙo da UTF-8 amma ta manta ta faɗa a goshi, mai karɓa zai fassara shi da tsohon jadawalin Turai: ₦ ta koma â‚¦, ƙ ta koma Æ™, ɗ ta koma É—. Wanda ya ga irin wannan dagulewa a rasidi ya san inda ta fito. Kuma ba wuya a faɗa ramin. PHPMailer, wanda matasa da yawa ke fara aika imel da shi, yana zuwa ne a saite kan jadawalin Yammacin Turai, sai an canza shi da hannu. MySQL ta daɗe a kan latin1, sai a fitowa ta 8 a 2018 ta koma cikakken UTF-8 tun daga tushe. In rumbun bayanai ne ya karɓi sunan Ɗanladi ya ajiye alamar tambaya a madadin Ɗ, to babu gyaran da za a yi a imel ya dawo da ita; harafin ya mutu tun a fom ɗin rajista. Shi ya sa nake ganin zaɓin siffar saƙo ba a ranar aikawa yake farawa ba. Yana farawa ranar da aka buɗe rumbun. Mutum yana da haƙƙin ganin sunansa yadda iyayensa suka raɗa masa, musamman a takardar da ta shafi kuɗinsa ko karatunsa ko lafiyarsa.

Ɗan'uwan imel, wato tes, yana da irin wannan ciwo ta wata fuska. Tes ɗaya haruffa 160 ne muddin an tsaya a jadawalin GSM. Da an sa ƙ guda ɗaya ko ₦, sai saƙon gaba ɗaya ya koma wani tsari mai haruffa 70 kacal, abin da zai tafi a shafi ɗaya ya zama uku, kuɗi ya ninka. Dalilin da ya sa bankuna ke rubuta NGN ko N ke nan. A nan ina yi wa mai manhaja uzuri in ya sauke lanƙwasa, domin kuɗi ne na gaske. A imel kuwa ba shi da wannan uzuri, bayit biyu ne maimakon ɗaya. Tun da Hukumar Sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin sadarwa a Janairun 2025, har kuɗin alat na tes ya tashi daga ₦4 zuwa ₦6, alhali na imel kyauta ne, mutane sun fara sake duban akwatin da suka yi watsi da shi.

Ba ina cewa a jefar da HTML ba ne. Yana da aikin da rubutu zalla ba zai iya ba. Rasidi mai layuka goma na kuɗin makaranta, da kuɗin littattafai, da na mota, teburi yake so, kuma teburin da aka jera da tazara a rubutu zalla yana wargajewa a fuskar waya. Makarantar Islamiyya da ke haɗa Larabci da boko a saƙo ɗaya tana bukatar hanyar faɗa wa manhaja cewa wannan sakin layi daga dama yake farawa, HTML ke da wannan. Yana kuma ba da damar bayyana cewa harshen saƙon Hausa ne, da sa kanun da manhajar makafi za ta bi. Maɓalli babba ya fi sauƙin dannawa da babban yatsa fiye da dogon adireshi mai layi uku. Duk wannan amfani ne na gaske. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki samfurin tallan wani kantin Amurka, mai hotuna shida da ginshiƙai uku, a cusa lambar sirri mai lamba shida a tsakiyarsa.

Sai batun amana, wanda a ƙasarmu ya fi ko'ina nauyi. Mun san tabon da 419 ya bar wa sunan Najeriya a akwatunan duniya, mun kuma san mu ne muka fi shan wahalar 'yan damfara a gida: saƙon ƙarya na BVN, na ɗaukar aiki, na tallafin karatu. Makaminsu mafi kaifi HTML ne, domin tambarin banki kwafe shi ake yi cikin daƙiƙa, kuma rubutun da ke kan maɓalli ba dole ya yi daidai da inda maɓallin ke kai mutum ba. Duk manhajar gaskiya da ta saba wa jama'a danna maɓalli mai launi ba tare da ganin adireshi ba, tana share wa ɓarawo hanya. Gara a rubuta adireshin a fili, gajere, na gidan da mutum ya sani, a kuma gaya masa zai iya shiga da kansa ba sai ta saƙon ba. Ado ba ya tabbatar da asalin saƙo. Abin da ke tabbatarwa sa hannun da ba a gani ne, wato SPF da DKIM da DMARC, kuma tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka wajabta su ga masu aika saƙo da yawa, irin masu kai 5,000 a rana zuwa Gmail, tare da sharaɗin a bar mutum ya cire kansa daga saƙon talla da dannawa ɗaya, kuma masu ƙorafi kada su kai kashi 0.3 cikin 100. Ƙaramar manhajar makaranta ba ta kai wannan adadi ba, amma ita ma in ba ta da ko ɗaya daga cikin sa hannun, kwandon tarkace ne masaukinta komai kyawun launinta.

Akwai kuma ɗan hoton leƙen asiri, ɗigo ɗaya da ido ba ya gani, wanda ake dasawa a saƙon HTML don mai aikawa ya san an buɗe, da lokacin da aka buɗe. Shekaru da dama shi ne hujjar 'yan talla ta ƙin rubutu zalla. A Satumban 2021 Apple ta fara buɗe hotunan da kanta a madadin masu amfani da wayoyinta, lissafin ya rikice. A Yunin 2023 kuma Najeriya ta sami dokar kare bayanan jama'a. Ko ba doka, ban ga dalilin da zai sa asibiti ko makaranta su dasa wa majiyyaci ko uba abin leƙe a cikin sanarwa ba. In ana so a tabbatar saƙo ya isa, a tambayi mutum a fili ya amsa.

Matasan da ke rubuta manhaja a Keffi, ko ɗalibai masu aikin kammala karatu, ko masu yi wa makarantun kuɗi da ƙananan asibitoci da ƙungiyoyin adashi aiki daga nan har Masaka da Mararaba, suna da sauƙin da na baya ba su samu ba. Kayan aikin duk sun tanadi fuska biyun nan na 1992. PHPMailer yana da gurbin rubutu zalla kusa da na HTML, Nodemailer haka, Django ma da rubutu zalla yake farawa sai ka ƙara ɗayan, Laravel kuma yana iya fitar da duka biyun daga rubutu ɗaya. Abin da na fi gani shi ne a bar gurbin rubutun fanko, ko a cika shi da jimla ɗaya mai cewa manhajarka ba ta iya nuna wannan saƙo. Ni da za a bi tawa, da shi za a fara. A zauna a rubuta saƙon kamar ana rubuta wa mutum wasiƙa: wane ne mu, me ya faru, nawa ne, yaushe, me ake so ya yi, wa zai kira in da matsala. In wannan ya tsaya da ƙafarsa, sai a ɗora masa HTML mara nauyi, ginshiƙi ɗaya, rubutu mai girma, tambari ƙarami in ya zama dole. In akwai PDF, adadin kuɗi da lambar rasidi su fito a jikin saƙon ma. Sannan a gwada, ba a kwamfutar ofis ba: a ari Itel ɗin maigadi, a kashe hotuna, a yi rajista da suna mai Ɗ da ƙ, a sa ₦ a take, a ga abin da ya iso.

Wuri ɗaya ya rage da dokar 1982 ke mulki a aikace, shi ne adireshin kansa. A 2012 aka fitar da ƙa'idojin da suka halatta haruffan kowane harshe a hagun alamar @, a Agustan 2014 kuma Gmail ta fara karɓa da aika saƙo zuwa irin waɗannan adireshi. Amma har yau ba ta barin a buɗe sabon asusu sai da a zuwa z, da lambobi, da ɗigo, kuma fom ɗin rajista da yawa suna ƙin duk adireshin da ya fita daga wannan. Saboda haka Ɗanladi zai ci gaba da zama danladi a adireshinsa zuwa wani lokaci. Sunan da ke rakiyar adireshin, da take, da gaisuwar farkon saƙo kuwa, tun 1992 aka buɗe musu hanya, kuma layi ɗaya na saiti ne ke tsakanin mai manhaja da rubuta su daidai.